Me Ya Sa Hannu Ke Sagewa A Kan Keke?

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke daga Kara zuwa Gwarzo ko Kabo da buhu a baya ya san abin: kafin a kai, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun sage, minjirya na bin tafin hannu.

Akwai wata jijiya da ke bi ta gefen tafin hannu, ɓangaren ƙaramin yatsa, kuma ita ke kai ji ga waɗannan yatsu biyu. Idan nauyin mutum ya daɗe a kan hannun keke, ga girgizar hanyar burji, sai ta matsu. Hatta masu gasar ninƙaya da keke da gudu suna fama da wannan.

Sabon shiga ya fi shan wahala, domin tsoron faɗuwa ke sa shi damƙe hannun keke tamau, gwiwar hannu a miƙe, kafaɗa a ɗage. Ni dai ina ganin daga nan gyara ke farawa. Yaro ya koya a fili, babu kaya, har ya saba sassauta riƙo ya ɗan lanƙwasa gwiwar hannu. A kai keken wurin mai gyara ya daidaita sirdi. Idan bakinsa ya sunkuya ƙasa, mutum gaba zai riƙa zamewa, nauyi ya koma hannu. A riƙa sauya wurin riƙo.

Yawanci sagewar kan tafi bayan an sauka. Idan ta yi kwanaki, ko yatsu suka kasa riƙe cokali, a je asibiti, musamman mai ciwon suga.