Shanya a rana: Shin haske na kashe ƙwayoyin cuta da gaske?

A Cadawa, garin da ke kan babbar hanyar Maradi zuwa Damagaram cikin gundumar Agye, mata sun daɗe da al'adar kife kwanuka da ƙwarya a rana bayan wanke-wanke. Masana kimiyya sun tabbatar da cewa akwai hikima a ciki, amma kuma tana da iyaka.

Batun ba na wasa ba ne a jihar Maradi. A shekarar 2018 annobar kwalara da ta faro daga gundumar Madarumfa ta kama sama da mutum 3,000 a Nijar, ta sake dawowa a 2021. Cutar na bin ruwa da abinci da hannu marar tsabta.

Tun a 1877 wasu masana biyu a Ingila, Arthur Downes da Thomas Blunt, suka nuna cewa hasken rana na hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Sirrin shi ne wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira UV. Mafi ƙarfinsa, UV-C, ba ya isowa ƙasa domin sararin samaniya na tare shi, shi ya sa asibitoci ke amfani da fitilu na musamman da ke fitar da shi. Yana lalata ƙwayoyin halittar cutar har ta kasa hayayyafa.

To ta yaya ake gane aikin ya yi? Ma'aikatan ɗakin gwaji kan goga auduga a kan tebur kafin a kunna fitilar, su sake gogawa bayan an kashe. Sai a shuka samfuran biyu a faranti, a bar su kwana ɗaya cikin ɗumi, a ƙirga abin da ya tsiro. Idan 1,000 suka koma 1, an kashe kashi 99.9 cikin ɗari. Akwai kuma ɗan kati mai sauya launi gwargwadon hasken da ya same shi. Fitilar da ke haske shuɗi kawai ba hujja ba ce.

Gwaje-gwajen sun nuna cewa hasken ba ya shiga inuwa, ƙura da maiƙo na kare ƙwayoyin, kuma ƙarfinsa na raguwa da nisa. Dole a wanke da sabulu tukuna. Sannan UV-C na ƙona ido da fata, don haka ba a kunna shi da mutum a ɗaki.

Ga gidan da babu lantarki, rana ita ce fitilar. Hanyar SODIS, da ta samo asali daga binciken Aftim Acra a Beirut a shekarun 1980, ba ta buƙatar kuɗi: a cika gorar roba mai garai-garai wadda ba ta wuce lita 2 ba, a kwantar da ita a kan kwanon rufi awa 6. Idan gajimare ya rufe sama, sai kwana 2. Ruwa mai dauɗa kuwa a tace shi da farko. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ɗora gorar a kan manyan haruffan jarida, a leƙa ta bakinta. In ba a iya karantawa ba, ruwan bai isa shanya ba.

A ranakun da aka wuni ana ruwan sama, lokacin da kwalara ta fi yaɗuwa, tafasa ruwa ko sa masa maganin kulorin shi ne mafita.