Eko Atlantic: birnin da aka gina bisa teku a Legas, da abin da ƴan cin rani ya kamata su sani

Da an gama aikin gona, matasa da yawa daga Gazawa, Agiye da Gidan Rumji na kama hanyar Najeriya cin rani, wasu har Legas. Waɗanda suka dawo na ba da labarin wata unguwa mai dogayen benaye a bakin teku, kusa da Victoria Island. Sunanta Eko Atlantic, kuma wurin da take a yau, da can ruwa ne.

Mafarin abin zaizayar ƙasa ce. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka gina shingayen duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwan Legas. Shingayen suka tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa, sai teku ta riƙa cin gaɓar Bar Beach shekara da shekaru, har ruwa ya kai ga titin Ahmadu Bello.

Gwamnatin jahar Legas ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin South Energyx, na rukunin Chagoury, domin maido da filin. Jiragen ruwa suka riƙa kwaso yashi daga ƙarƙashin teku suna cike wurin. An tsara fili mai faɗin murabba'in kilomita 10, da katanga mai tsawon kilomita 8,5 ta duwatsu da tubalan kankare, kowane tubali tan 5. A watan Fabrairun 2013 shugaba Goodluck Jonathan da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton suka halarci bikin ƙaddamar da filin.

Bisa tsarin, mutum 250.000 ne za su zauna ciki, wasu 150.000 kuma su riƙa shigowa aiki kullum. Birnin na da nasa tsarin lantarki da ruwan sha da magudanai. Benayen Eko Pearl na cikin gidajen kwana na farko da aka gama, kuma a 2022 Amurka ta aza tubalin sabon ƙaramin ofishin jakadancinta a wurin. Amma har yanzu filaye da yawa fayau suke.

Aikin bai rasa masu suka ba. Mazauna ƙauyukan gaɓa da ke gabas, wajen Lekki, na kukan cewa katangar ta turo musu ruwan, zargin da kamfanin ke musantawa. Wasu kuma na cewa gidajen, da ake yi wa kuɗi da dala, ba na talaka ba ne, alhali miliyoyin mutanen Legas na cunkushe a unguwannin da ba ruwan famfo.

Ga ɗan cin rani, lissafin a fili yake. Shiga birnin sai ta ƙofa mai masu gadi, don haka talla da ga-ruwa ba su da gurbi. Kabu-kabu ma an hana shi tun 1 ga watan Yunin 2022 a ƙananan hukumomi 6 na Legas, ciki har da Eti-Osa, inda Victoria Island take, kuma ana ƙwace babur ɗin wanda aka kama. Aikin da ke akwai na gini ne da gadi da shara, ta hannun kamfanoni masu neman takardun shaida. Wanda ya tashi daga gida da katin ɗan ƙasa da sana'ar hannu, kamar birkila, walda ko haɗa wayar lantarki, shi ke da rabo a irin wannan wuri.