Lambun gida ba tare da ƙasa ba: Me za ku zuba wa saiwa?

Kwanan baya wata baiwar Allah ta zo shagonmu na magani a Minna karɓar maganin ƙarin jini. Muna cikin hira ta ce tsadar kayan miya a Kasuwar Kure ta ishe ta, za ta shuka alayyafo da tumatir a bokitai. Na tambaye ta me za ta zuba a ciki, ta ce, "Ƙasar bola mana, ai ta fi taki." Amsar nan tata ce ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Niyyarta mai kyau ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kullum. Sai dai bolar birni ta yanzu ba toka da kashin awaki kaɗai ba ce. Akwai matattun batura, ɓawon tsohon fenti da ƙonannun robobi, kuma wasunsu na ɗauke da dalma. Mu a Jihar Neja mun san illarta: a 2015 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi, bayan ta kashe sama da 400 a Zamfara a 2010. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro, tana rage masa jini, kuma dafuwa ba ta kawar da ita.

Shi ya sa noman da ba ya buƙatar ƙasa ya dace da gidajen birni. A irin wannan noma, wanda ake yi a manyan rumfunan leda da ƙananan bokitai, abincin shuka a cikin ruwa ake narka shi. Abin da ake zubawa a mazubin aikinsa uku ne: ya riƙe saiwa, ya riƙe danshi, ya bar iska ta shiga. To wanne za ku zaɓa?

A Turai an fi amfani da wata auduga da ake yi da narkakken dutse. Tana aiki, amma shigo da ita ake yi, kuma ba ta ruɓewa idan an gama da ita. Akwai kuma baƙar ƙasar fadama da suke haƙowa, wadda take ɗaukar dubban shekaru kafin ta taru. Duka biyun ba namu ba ne, ba kuma na aljihunmu ba.

Namu yana nan jibge a bayan injinan casa: buntun shinkafa. Kusan kashi 1 cikin 5 na nauyin shinkafar da ba a casa ba buntu ne, kuma jiharmu gidan shinkafa ce, tun daga Bida da Wushishi har Badeggi, inda cibiyar binciken hatsi ta ƙasa take. Buntu ba shi da nauyi, yana jimawa bai ruɓe ba, iska kuma na ratsa shi. Aibinsa shi ne ɗanyensa ba ya riƙe ruwa, kuma yakan zo da irin ciyawa. Maganin wannan shi ne a turara shi da wuta har ya yi baƙi kamar gawayi, a kashe da ruwa kafin ya zama toka, sannan a wanke shi. Ku yi wannan aiki a fili, nesa da yara da masu asma.

Na biyu shi ne garin ɓawon kwakwa, wanda ake sayarwa a dunƙule kamar bulo. Ya fi buntu riƙe ruwa, abin da zai taimake ku a zafin Maris da Afirilu. Amma yakan zo da gishiri, don haka ku jiƙa shi ku tsiyaye sau da yawa. Ku fara da rabin wannan, rabin gasasshen buntu. Idan babu kwakwa, ku haɗa buntun da yashin rafi mai tsakuwa da aka wanke tas.

Garin katako fa? A nan sai da hattara. Idan na katakon da aka shafa wa maganin gara ko fenti ne, kada ya kusanci abincinku. Ko mai tsabta ne, yayin ruɓewa yana ƙwace wa shuka wani sashe na takinta, sai ku ga ganye ya yi rawaya.

Sauran jan kunne daga mai harhaɗa magani. Kada ku shuka a jarkar maganin feshi ko ta baƙin mai, komai wankin da ta sha. Ruwan kwata ba na ban ruwa ba ne, domin hanyar taifot ce da kwalara da tsutsar ciki. Ku rufe mazubin ruwa kada ya zama gidan sauro. Takin da ake narkawa a ruwa kuwa ku sayi wanda aka yi musamman don wannan noma, ku ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa, kada a ɗura shi a gorar lemo. Kuma ko daga lambunku ganye ya fito, sai an wanke shi kafin a ci.

Idan buntun ya tsufa, ku zuba shi a gindin bishiya ko a kai gona, zai koma taki. Ita kuwa waccan baiwar Allah, na ce ta fara da bokiti biyu na alayyafo, ta bar tumatir sai hannunta ya faɗa. Ku ma ku gwada haka.