Kuloci Ne Ko Giya?

'Yan'uwa manoma, da kaka ta yi, akori-kurar ƙungiya za ta sha lodi. Kafin mu biya bakanike ya sauke akwatin giya, ya kamata mu san abin da ke damun motar. Ciwon kuloci iri biyu ne, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne.

Na fari, kuloci ya riƙa sulɓewa. Direba ya taka totur a kan hawa, injin ya yi ta ruri, amma mota ba ta ƙara gudu ba, har a ji ƙauri. Ga yadda za mu gwada. A kai motar fili inda babu kowa a gabanta, a ja birkin hannu, a sa giya ta uku, a ɗan taka totur, sa'an nan a saki kuloci sannu sannu. In injin ya mutu nan take, farantin kuloci yana da sauran rai. In ya ci gaba da aiki, to, farantin ya cinye, ko kuwa baƙin mai yana ɗiga a kansa. Sau ɗaya ya isa, gama gwajin ma yana cin faranti.

Na biyu, kuloci ya ƙi saki sarai. Alamarsa ita ce giya ta ƙi shiga sai da ƙara, musamman ta ɗaya da ribas. A nan ne ake yawan asarar kuɗi, domin nan da nan sai a ce giya ta lalace. A kashe injin tukuna, a sassa giya. In duka sun shiga ba gardama, laifin na kuloci ne. Sai a duba mansa a 'yar kwalbar da ke kusa da ta man birki: watakila ya ragu, ko iska ta shiga. A motar da waya ke jan kulocinta, a ɗaure wayar daidai. Wannan aikin 'yan mintoci ne.

Amma in giya ɗaya tak ke ƙara, misali ta biyu, sauran kuwa lafiya, zoben tagulla na cikin akwatin giya ne ya gaji.

Direbobinmu su daina ɗora ƙafa a kan kuloci suna tafiya, su daina riƙe mota da shi a kan tudu. Sakataren ƙungiya kuma ya ƙidaya buhunan kafin mota ta tashi.