Dokta Nash Da Ƙudan Tsando: Binciken Da Ya Shafi Fataucin Shanu Zuwa Kudu

Duk wanda ya taɓa sauka a unguwannin Hausawa na Inugu, ko Anacha, ko Fatakwal, zai lura cewa fataucin shanu da sana'ar fawa suna cikin ginshiƙan zamansu. Kasuwar shanu ta Gariki a Ugwuoba, kan hanyar Inugu zuwa Anacha, shaida ce. Malam Umaru Altine ma, wanda ya zama magajin garin Inugu na farko cikin shekarun 1950, fataucin shanu ne ya kai shi can. To, me ya sa sai an kawo nama daga Arewa, alhali ciyawa ta fi yawa a Kudu? Babban dalili shi ne ƙudan tsando.

Wannan ƙuda shi ke ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa wa mutum ciwon barci, ta sa wa saniya sammore. Bunaji da Rahaji ba sa jimre masa a ƙasar kurmi, sai dai gajerun shanun nan da ake kira Muturu. Kafin hanyar jirgin ƙasa ta Gabas ta haɗu da ta Arewa a 1927, a ƙasa ake koro shanu, kuma ko bayan haka an daɗe ana korowa. Sa yakan bar gida da ƙiba, ya isa kasuwa a rame, dole falke ya sayar da gaggawa ko da faɗuwa.

Cikin masanan da suka tona asirin wannan ƙuda akwai Dokta T. A. M. Nash, Baturen Ingila masanin ƙwari. Ya fara aiki a Tanganyika, sa'an nan a 1933 ya zo Nijeriya, ya zauna a Gadau, wadda yanzu take cikin Jihar Bauci. Bai tsaya ga duba jini da madubin likita kaɗai ba. Ya shiga daji yana auna zafi da laima, yana lura da inda ƙudan ke fakewa. Ya gane cewa da bazara zafin Arewa yana kashe tsando, ba ya tsira sai a inuwar sarƙaƙiyar bakin rafi, watau daidai inda mata ke ɗibar ruwa, makiyaya ke shayarwa.

Nan ilmin cuta ya haɗu da ilmin daji. Tunda inuwar ƙasa-ƙasa ce mafakar ƙudan, ba lalle ne a share kurmi duka ba. A wurare da yawa ya isa a sare sarƙaƙiya da ƙananan rassa, a bar dogayen itatuwa. Haka kuma dole a san namun daji, domin tsandon fili ya fi shan jinin irin su gadu, na bakin ruwa kuwa yana samun abinci a jikin kada da guza da mutum. Wanda bai san abincin ƙuda ba, yaya zai yaƙe shi?

An gwada wannan ilmi a Ancau, ƙasar Zazzau, tun daga 1937. Aka gyara bakin rafuka cikin yanki mai faɗin kimanin murabba'in mil 700, aka haƙa rijiyoyi, aka kafa sabon gari mai suna Takalafiya. Nash ya wallafa rahoton aikin a 1948. Daga 1954 zuwa 1959 ya shugabanci cibiyar binciken wannan cuta ta Afirka ta Yamma a Kaduna, wadda daga baya ta koma hannun Nijeriya, tana da reshe a Vom. Bayan ya koma gida ya jagoranci wani ɗakin bincike kusa da Biristol, inda aka yi nasarar kiwon tsando da yawa don nazari.

Yau manyan motoci ke kai shanu Kudu cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma noma da saran itace sun kore ƙudan daga wurare da dama. Amma kada mu ruɗi kanmu. Sammore bai ƙare ba, kuma korar tsando ta hanyar cinye daji tamkar ƙona rumbu ne don kashe ɓera. Ga shi kuma ana ta maganar kafa wuraren kiwo na dindindin, har a Kudu. Kafin a zuba dukiya, wajibi ne a tambayi likitan dabbobi da malamin daji da masanin namun daji a zama guda, kamar yadda Nash ya haɗa fannonin uku a aikinsa. Shugabannin 'yan kasuwar shanu na Inugu da Anacha da Fatakwal su ne ya kamata su fara neman a yi haka, gama jarinsu ne ke kan hanya.