Liƙin Madambaci da Robar Gidan Filta

Mai dambu idan ta ɗora madambaci a kan tukunya, ba ta komawa ta zauna sai ta liƙe mahaɗar. Takan jiƙa tsumma ta naɗe, ko ta kwaɓa ɗan gari ta bi bakin tukunyar da shi, don kada tururi ya sami wata hanya sai ta ƙofofin madambacin, ya ratsa tsakin ya dafa shi. In liƙin ya saki, ruwa zai ƙone, itace zai ƙare, dambu kuwa yana nan ɗanye.

Irin wannan mahaɗa tana jikin injin mota. Famfo yana ɗebo baƙin mai daga ƙasan inji, ya tura shi da ƙarfi cikin gidan filta, filta ta tace, sannan man ya wuce ya shafe ƙarafan da ke gugar juna. A injuna da yawa gidan filtar daban yake, an ɗaure shi a jikin inji da notuna, tsakaninsu kuma akwai 'yar siririyar roba, wato gaskit. Ita ce liƙin. Tana sabuwa tana da laushi, tana cike duk wata kafa. In ta daɗe tana shan zafi sai ta bushe, ta baje, ta tsage, mai ya fara tsatsafowa.

Zafi kuwa a garin Garwa ba baƙo ba ne. A watannin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, ga na injin kansa a kai. Motar da ke wuni tana kai-komo tsakanin unguwar Pumpumre da babbar kasuwa, ko take ɗaukar hanyar Marwa mai nisan sama da kilomita 200, robarta ba ta samun hutu. Lokacin hunturu ƙura takan manne wa man da ya zuba, gefen inji ya yi baƙin dafkal, har mutum ya kasa gane inda yoyon ya fito.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke lallaɓa wannan matsala. Wani ya ajiye galan a but, kullum da safe ya ƙara mai. Wani ya ce wa yaron gareji: "Kai, ɗan ƙara matse notin nan." Wani a shafa masa gam ta waje a ce an gama. To, wace mace ce za ta ga tururi yana fita ta hau danna madambacin ƙasa da ƙarfi? Fasa shi za ta yi. Gidan filta na alminiyam ne, a wasu motocin ma na roba mai tauri. Matsi fiye da kima yana cinye zaren noti ko ya tsaga gidan, aikin 'yan sefa kaɗan ya koma na sayen gida sukutum. Kuma mai dambu ba ta ɗora sabon ƙullu a kan busasshen na jiya. Sai ta kankare tsohon tas.

Bakaniken kirki haka yake yi. Yakan fara wanke injin, ya tayar da shi, ya nemi wuri mafi tsawo da ya jiƙe, domin mai ƙasa yake gangarowa, sau da yawa murfin saman inji ne ke yoyo a ɗora wa gidan filta laifi. In ya tabbatar, sai ya bari inji ya huce, ya sauke mai. A injin da ruwan lagireto ke bi ta gidan don sanyaya mai, sai an sauke ruwan ma. Ya kwance notuna, ya cire tsohuwar robar, ya goge fuskokin biyu har su bushe, ba da bakin sukudireba ba, don ƙarzane ɗaya a alminiyam sabuwar hanyar yoyo ce. Sabuwar roba ta zauna daram a raminta. Notuna kuma a ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, da sifana mai auna ƙarfi, gwargwadon abin da kamfanin motar ya rubuta. Daga nan sabuwar filta, sabon mai, a tayar, a tsaya a duba.

Masu ƙananan motocin da filtarsu ke murɗuwa kai tsaye a jikin inji su ma su sa ido ranar juyen mai: zoben tsohuwar filta yakan maƙale, a ɗaura sabuwa a kansa, mai ya tsiyaye cikin 'yan mintuna.

Ɓarnar jinkiri ba ta tsayawa a kuɗin mai. Man da ke ɗiga kan fanbel yana kumbura shi har ya riƙa sulluɓewa. Wanda ya faɗa kan bututun hayaƙi mai zafi yana iya kama wuta. In robar ta yanke ta ciki, mai da ruwa su gauraye. Ranar da jar fitilar mai ta kama kana tsakiyar hawan dutsen Mbe a hanyar Ngaundere, da lodi, inji yana iya bugawa kafin ka sami wurin fakawa.

Don haka, ɗan'uwa mai mota, gobe da safe kafin ka tayar, duƙa ka dubi ƙasa inda ta kwana. In ka ga ɗigo baƙi, ka kai ta gareji a ranar, ka ce a wanke injin a gabanka, kuma ka nemi a nuna maka tsohuwar robar da aka cire.