Sa Hannu a Ƙarshen Wasiƙar Imel: Yadda Ake Tsara Shi da Yadda Ake Sauya Shi

Tun kafin zuwan kwamfuta, wasiƙar da ta fito daga fadar hakimi ko daga sakatariyar ƙaramar hukuma ba ta cika sai an ga suna da muƙami da hatimi a ƙarshenta. Da su ne dagaci yake sanin inda umarni ya fito, da wanda zai koma wa idan yana da tambaya. A yau da yawa daga cikin irin waɗannan wasiƙu ta imel suke tafiya: kiran taro, jerin sunayen manoman da za a raba wa taki, rahoton wata daga asibitin karkara. Sau da yawa kuwa sukan iso babu suna babu muƙami, sai adireshi mai cike da haruffa da lambobi. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa ma'aikatanmu da sauran jama'a bayani a kan sa hannun imel.

Mene ne sa hannun imel?

Wasu 'yan layuka ne da mutum yake rubutawa sau ɗaya ya ajiye a cikin manhajar imel ɗinsa. Daga nan duk wasiƙar da ya buɗe zai rubuta, manhajar ce za ta sanya su a ƙasa da kanta. A wasu manhajoji za a ga gajerun zane biyu a kwance kafin layukan. Su ne iyaka tsakanin saƙo da sa hannu.

Abin da ya kamata ya ƙunsa

Muna ba da shawarar kada ya wuce layi biyar:

1. Cikakken suna, kamar yadda yake a takardun aiki.
2. Muƙami, alal misali Jami'in Aikin Gona ko Sakataren Ƙungiyar Manoma.
3. Sashe da sunan ƙaramar hukuma da jiha. Ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, wasu ma sunansu ɗaya, don haka a ambaci jiha.
4. Lambar wayar da ake samun mutum a kanta. Idan ana mu'amala da ƙungiyoyin ƙasashen waje, a fara da +234, a jefar da sifirin farko.
5. Adireshin ofis.

Kada a saka lambar asusun banki, ko lambar BVN, ko lambar NIN. Wasiƙa takan wuce daga hannu zuwa hannu har ta kai inda mai ita bai yi tsammani ba. Haka kuma a guji manyan hotuna, domin a ƙauyukan da intanet ba shi da ƙarfi sukan jinkirta buɗe saƙo, su kuma ci kuɗin data. Kirari da taken siyasa ba su da wuri a wasiƙar hukuma.

Yadda ake saka shi ko sauya shi

Ga mai amfani da Gmail a kwamfuta: ya duba sama ta hannun dama, zai ga wata alama mai kama da ƙaramar taya mai haƙora. Ya danna ta, ya zaɓi "See all settings". Ya yi ƙasa har ya iske inda aka rubuta "Signature", ya danna "Create new", ya ba sa hannun suna, sannan ya rubuta layukansa. A nan ƙasa zai zaɓi wanda za a riƙa sakawa a sabuwar wasiƙa da wanda za a saka a amsa. Daga ƙarshe ya sauka can ƙasan shafi ya danna "Save Changes". Wannan mataki shi ne aka fi mantawa, kuma idan aka tsallake shi aikin ya tashi a banza.

Ga mai amfani da Outlook na kwamfutar ofis, wanda aka daɗe ana aiki da shi: ya shiga "File", sai "Options", sai "Mail", sai "Signatures". A sabon Outlook kuwa, ana samunsa a cikin "Settings", ƙarƙashin "Accounts".

Manhajar wayar salula tana da nata wurin na daban a cikin "Settings". Saboda haka wanda ya gyara a kwamfuta ya leƙa wayarsa ma. Bayan an gama, mutum ya aika wa kansa wasiƙa ya duba, musamman idan sunansa ko na garinsa yana da harufan ɓ, ɗ ko ƙ, domin a tsofaffin na'urori wani lokaci sukan fito kamar ƙananan akwatuna.

Ana iya ajiye sa hannu fiye da ɗaya. Wanda yake rubuta wa ma'aikatar jiha da Turanci, yake kuma rubuta wa masu unguwanni da Hausa, sai ya tanadi guda biyu.

Yaushe ake sauya shi?

Ranar da aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, ko ƙarin girma, ko ya sauya lambar waya, ranar ce ta gyaran sa hannu. Idan ya bar tsohon, manomin da yake bin sawun takardarsa zai biya kuɗin mota zuwa ofishin da jami'in ya riga ya bari. A ofishin da mutane da yawa suke amfani da akwatin imel ɗaya, wanda ya karɓi aiki ya cire sunan wanda ya gada, a kuma sauya kalmar sirri. Wanda ya yi ritaya ya cire muƙamin baki ɗaya.

Gargaɗi ga mai karɓar wasiƙa

A nan ne muke so jama'a su fi natsuwa. Hatimin hakimi a hannun magatakarda yake, amma sa hannun imel rubutu ne kawai, kowa yana iya kwafe shi har da tambarin gwamnati. Macuta sukan yi haka, su ce an ɗauki ɗanka aiki ko an ba ƙungiyarku bashin noma, a tura kuɗin fom. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta yin sojan gona da sunan wani, amma rigakafi ya fi magani.

Don haka kada a tsaya ga abin da ke ƙasan wasiƙa, a duba adireshin da ta fito daga gare shi. Adireshin da ya ƙare da .gov.ng na hukumomin gwamnati ne, kuma hukumar NITDA ce take kula da bayar da shi. Duk da haka, idan maganar kuɗi ce, kada a kira lambar da ke cikin wasiƙar. A kira wadda aka riga aka sani, ko a je sakatariya ƙafa da ƙafa, ko a tuntuɓi mai unguwa.

Muna kira ga shugabannin sassa da su tsara wa ma'aikatansu sa hannu iri ɗaya, su kuma riƙa dubawa duk lokacin da aka yi sauye-sauyen ma'aikata. Wanda ya karanta wannan bayani ya taimaka ya isar da shi ga waɗanda ba su samu dama ba. Allah Ya sa mu dace, amin.